Ladi Ta Yi Kwanci: Kiwon Kaza Da 'Yan Tsaki A Bayan Gida A Ingila

 Ina da wata 'yar tambaya, kuma don Allah kada kowa ya taɓa waya kafin ya amsa: kwana nawa kaza take yi a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe? Yawancinmu da aka haifa ko aka raina a nan Birtaniya, mun san ƙwai ne a cikin kwali, shida ko goma sha biyu, mun san kaza a daskare cikin leda. Amma kalmomi irin su akurki, gurbi, kwanci, ɓaragurbi da sagara, sai dai mu ji su a bakin iyaye mu gyaɗa kai kamar mun gane. Amsar dai kwana 21 ce, kuma yaro ɗan shekara bakwai a ƙauye zai faɗa maka ba tare da ya yi tunani ba. A wannan fitowar ina so in ba ku labarin abin da kwanakin nan 21 suka ƙunsa, da makonnin da ke biye da su, domin na san akwai gidajenmu da dama da suka fara ajiye kaji a bayan gida, kuma ko ba daɗe ko ba jima wata za ta kwanta ta ƙi tashi.

Mu a gidanmu a Leeds, Mama ce ta fara kiwon a shekarar 2020, lokacin kullen korona, da zaman gida ya ishe ta. Yanzu kajinmu biyar. Huɗu jajaye ne irin na gidan gona, ɗaya kuma fara ce mai baƙin zane a wuya, irin da ake kira Sussex. Ran Lahadi aka kawo ta, shi ya sa ƙanwata ta sa mata suna Ladi. A watan Mayu, ina dawowa gida bayan jarrabawa, na tarar Ladi ta kwana uku a gurbi.

Yadda ake gane kwanci

Kaza mai kwanci ba ta ɓuya. Za ka gan ta ta baje a gurbi kamar faifai, dare da rana, ko da kuwa babu ƙwai ko ɗaya a ƙarƙashinta. In ka miƙa hannu sai ta kumbura, gashin wuya ya miƙe, ta yi wani irin gurnani, in ba ka yi hankali ba ta sakar maka sara. Ta daina yin ƙwai. In ka ɗaga ta za ka ga ta fige gashin ƙirjinta, domin fatarta ta taɓa ƙwan kai tsaye, zafin jikinta ya ratsa shi. Wani sinadari ne a jikinta mai suna furolaktin yake tashi, shi ne yake tsayar da yin ƙwai ya sa ta zama. Tsawon rana da ɗumin bazara suna taimakawa, shi ya sa a nan ƙasar an fi ganin abin daga watan Afrilu zuwa Agusta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne jajayen nan huɗu ba su taɓa gwadawa ba. Ashe da gangan ne. Masu gidajen gona sun daɗe suna zaɓar kajin da ba sa kwanci, saboda kaza mai kwanci asara ce a wurinsu, tunda injin ƙyanƙyasa yana nan. Irin waɗannan jajayen suna iya yin ƙwai wajen 300 a shekara, amma da wuya ka samu uwa a cikinsu. Kazar Hausa kuwa takan yi goma zuwa goma sha biyar ta kwanta a kansu, ta raini 'ya'yanta, sannan ta sake sabon zubi. A nan, waɗanda suka riƙe wannan hali su ne tsofaffin iri, kamar Sussex da Orpington, da kuma Silkie mai gashi kamar auduga, wadda ko dutse ka sa mata sai ta kwanta a kai.

Ƙwan da babu zakara

To ga matsala ta farko. Ba mu da zakara, kuma ƙwan da zakara bai bi uwarsa ba, ko shekara za ta yi a kai ba abin da zai fito. Kaza kuma ba ta san haka ba. In aka bar ta, za ta wuce kwana 21 tana zaune tana ramewa. Saboda haka mai kaza yana da zaɓi biyu. Ko dai ya karya kwancin, ko ya samo mata ƙwai mai rai. Mai son karyawa sai ya sa ta a keji mai ƙasan waya, ya ɗaga shi sama kaɗan yadda iska za ta riƙa ratsa cikinta, ga ruwa ga abinci, babu shimfiɗa. Cikin kwana uku zuwa biyar yawanci jikinta yakan huce ta koma garke.

Mu dai na biyun muka zaɓa, bayan dogon shawara da kakata Hajiya da ke Zariya. Da na kira ta a WhatsApp na juya mata kyamara ta ga Ladi, dariya ta yi har da tafa hannu. Ta ce, "Kishiya, yanzu duk bokon naku, kaza biyar babu namiji ko ɗaya? Wannan ai gidan zawarawa kuka buɗe." Na ce, "Hajiya, maƙwabta ne ba za su yarda da cara ba." Ta ce, "Ikon Allah! To ku nemo mata na aro, ai ba ta tambayar na waye." Gaskiyarta kuwa. A gida ma mutane sun saba sa wa kaza ƙwan zabi, saboda zabuwa ba ta da riƙon 'ya'ya, sai dai shi yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28.

Baba ya kai ni wurin wani manomi a bayan gari muka sayo ƙwai takwas. Kaza mai girman Ladi tana iya rufe goma ko goma sha biyu, amma sharaɗin shi ne kada a ga ƙwai ko ɗaya yana leƙowa daga gefenta, domin wanda ya leƙo yau zai yi sanyi, gobe kuma in ta juya su wani ne zai leƙo. An fi son ƙwan da bai wuce mako ɗaya ba, mai tsabta, marar tsagewa, kuma ba a wanke shi, saboda akwai wani siririn rufi a bayan ɓawon da yake tare ƙwayoyin cuta. Masu sayen nasu ta gidan waya kuma sai su bar shi ya huta kwana ɗaya, tsinin yana kallon ƙasa, kafin a sa mata.

Hajiya ta ba ni umarni uku. A raba ta da sauran kaji, a yi wa ƙwan alama, kuma a sa mata shi da dare. Duka ukun suna da dalili. In tana cikin sauran, za su riƙa hawa kanta suna yin nasu ƙwan a gurbinta, a fasa wani, a cakuɗa wani. Alamar kuma, ita da gawayi take yi, ni na yi da fensir, don a gane baƙon ƙwai a cire. Dare kuwa, kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta da ƙarfin gardama. Muka gyara mata wani ƙaramin akurki a ƙasa, muka shimfiɗa ɓuntun katako da ciyawa, bayan isha'i na ɗauke ta na aza a kan ƙwan. Ta ɗan yi ƙunƙuni, ta sa baki ta jawo su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna.

Kwana 21

Daga nan aikin nata ne, naka sa ido. Injin ƙyanƙyasa ana saita shi a digiri 37 da rabi, a riƙa auna laima, a riƙa juya ƙwai. Ita duk wannan a jikinta yake. Tana juya su da baki da ƙafa sau da yawa a rana, don kada ɗan da ke ciki ya manne a ɓawo. Sau ɗaya take fita a wuni, minti goma sha biyar zuwa ashirin, ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta yi kashi guda ɗaya mai girma da warin da wallahi sai ka toshe hanci, sannan ta koma. Kada wannan fitar ta tsorata kowa, ƙwan ba zai mutu ba. Abin tsoro shi ne wadda ba ta fita sam. Irin wannan sai a ɗaga ta a hankali kowace safiya, a fara duba ƙarƙashin fikafikanta kada ta ɗauko ƙwai ya faɗi, a ajiye ta gaban abinci. Tunda ba ta yin ƙwai a lokacin, ba ta buƙatar abincin masu ƙwai. Hatsi da abincin masu tasowa sun wadatar, ruwa kuma kada ya yanke.

Babban makashin kaza mai kwanci a ƙasar nan wani ɗan mitsitsin jan ƙwaro ne mai halin kuɗin cizo. Da rana yana ɓuya a tsagar katako, da dare ya fito ya sha jininta. Kazar da ke yawo tana samun sauƙi, amma wadda ta zauna wuri ɗaya mako uku, za su iya tsotse ta har zankonta ya yi fari, ta gudu ta bar ƙwai, ko ma a wayi gari a same ta a mace a gurbi. Hanyar ganewa ita ce ka shafa farar takarda a lungunan akurkin da dare. In ka ga ja-ja, to akwai su, sai a canza mata wuri, a wanke akurkin, a nemi magani wurin likitan dabbobi. Hajiya ta ce a zuba mata toka a inda take birgima. Muka haɗa tokar itace da busasshiyar ƙasa a tsohon baho, kuma kullum in ta fito nan take fara nufa.

A rana ta goma na haska ƙwan. Da dare ake yi, a ɗauki ƙwai a kanga fitilar waya a gindinsa mai faɗi. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da wani ɗan duhu yana motsi. Wanda babu komai kuwa haske zai ratsa shi tas. Cikin takwas ɗinmu, bakwai suna da rai, ɗaya fanko ne, na cire shi. Wanda aka bari shi ne yake zama ɓaragurbi, ya ruɓe, wani lokaci ya fashe ya ɓata sauran. Yanzu na gane dalilin da ya sa Baba yake kiran lalataccen yaro da wannan sunan. Abu ɗaya dai, kada a girgiza ƙwai a kunne wai a ji ko akwai ɗa, girgizar tana iya tsinka jijiyoyin.

Daga rana ta 18 sai a ƙyale ta kwata-kwata. A daren rana ta 20 na durƙusa kusa da akurkin na ji wani siririn kuka daga cikin ƙwai, ita kuma tana amsawa ƙasa-ƙasa. Ɗan tsako yana da wani ɗan haƙori a kan bakinsa wanda yake huda ɓawo da shi, daga baya ya faɗi. Tsakanin hudar farko da fitowa yana iya ɗaukar wuni da kwana, kuma a nan ne haƙurin mutum yake ƙarewa. Ƙanwata har kuka ta yi wai a taimaka masa. Hajiya ta ce mata, "Ke 'yar nan, cire hannunki. Wanda aka ɓare wa ba ya yin ƙwari." Dalilin kuwa shi ne a waɗannan sa'o'in yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin da ke jikin ɓawon kuma suna bushewa. In ka ɓare da wuri jini zai zuba. Zuwa yammacin rana ta 22, shida sun fito. Na bakwai ya huda amma bai ƙarasa ba, muka binne shi a gindin itacen tuffa.

Ci da sha

Gwaiduwar nan da suka janye tana riƙe su kwana biyu ko fiye, shi ya sa uwar take iya jiran na ƙarshe. Duk da haka a ajiye ruwa da abinci kusa tun ranar farko. Ruwan a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Abincinsu na musamman ne, ɓarzajje, mai furotin wajen kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma uwar ma shi za ta ci. Kada a kuskura a ba su na masu ƙwai, sinadarin kalsiyam ya yi yawa a ciki, yana lalata musu ƙoda. Shimfiɗa kuma ta zama a bushe kullum, saboda laima ce take haifar da cutar nan ta hanji da ke sa su kashin jini su takure. Ba sai an kunna musu fitilar ɗumi ba, uwarsu ce fitilar. Kallon yadda take ɗaukar abinci ta saki tana kiransu, su rugo a guje, ya fi talabijin.

A nan ne aka yi muhawara a gidanmu. Hajiya ta ce a ba su tsaki da gara, in sun ɗan tasa a watsa musu ragowar tuwo. Gara dai babu ita a Leeds. Ragowar tuwo kuwa, doka ta hana. A Birtaniya laifi ne ka ba kaji ragowar abincin da ya fito daga kicin ɗin da ake taɓa nama ko madara, ko da kaza ɗaya gare ka. Abin ya samo asali ne daga annobar ciwon baki da kofato ta 2001, wadda ta sa aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, kuma an danganta farkonta da ragowar abincin da aka ba aladu. Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu ƙanzon tukunyata ma sai gwamnati ta sa baki?" Ganyen da aka tsinko daga lambu kai tsaye dai ba laifi, shi muke ba su.

Tunda ana maganar doka, ga wata da ya kamata kowa ya sani. Daga 1 ga Oktoba 2024, duk mai kaji a Ingila da Wales dole ya yi rajista da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, wato APHA, ko guda ɗaya ce. Kafin nan sai mai 50 ko fiye ne ya zama wa dole. Kyauta ne, kuma murar tsuntsaye ce ta jawo. Daga Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023 sai da aka umarci kowa a Ingila ya kulle kajinsa a rufaffen wuri, don kada su haɗu da tsuntsayen daji. Mai haya kuma ya duba takardar gidansa tukuna, wasu sun hana kiwo. Sannan yara su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa 'yan tsaki, kuma ban da sumbata, saboda cutar salmonela.

Shirwa har a nan

Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ranar da muka fara fito da su kan ciyawa, suna da mako ɗaya, sai Ladi ta karkata kai sama ta yi wata ƙara, nan take duk shidan suka shige ƙarƙashinta. Mama ta ɗaga kai ta ce, "La ilaha! Shirwa ce, har nan ta biyo mu?" Ita ce kuwa, da wutsiyarta mai baki biyu. Jar shirwa ta taɓa ƙarewa a Ingila, aka sake dawo da ita, kuma a 1999 aka saki wasu a Harewood, arewa da Leeds, yanzu har cikin gari ana ganinsu. Ita ta nan mushe ta fi ci, amma Ladi ba ta tsaya tambaya ba.

Ainihin ɓarayin su ne yanyawa, wadda mu yaran nan muka fi kira dila, da ɓeraye, da hankaki, da kyanwar maƙwabta. Dilan birni ba ya jiran dare, da rana tsaka yana tsallake katanga. Wayar kaji ta gama-gari ba ta tare shi, kuma ramukanta suna da faɗin da ɗan tsako zai fice ya kasa komowa. A nemi waya mai ƙarfi mai ƙananan ramuka kamar rabin inci, a rufe har sama, a shimfiɗa wata a ƙasa kewaye da gindin don kada a tona. Sauran kajin gida ma sai an yi hattara da su, suna iya saran na ƙanana. Mu mun bar su suna ganin juna ta waya har mako shida kafin muka haɗa su.

Maganar zakaru

A mako na bakwai Ladi ta gaji. Ta fara korarsu daga abinci, ta koma hawa sanda da dare, bayan 'yan kwanaki ta ci gaba da yin ƙwai kamar ba ta taɓa saninsu ba. Su ma gashi ya rufe su, ba sa buƙatarta. A lokacin ne kuma zanko ya fara nunawa: uku nasu ya yi ja ya girma, ƙafafu sun yi kauri. Zakaru uku, sagaru uku.

Wannan ita ce maganar da nake so duk mai sha'awa ya yi tunani a kanta tun kafin ya sayi ƙwai. Kusan rabin abin da za a ƙyanƙyashe maza ne. A Zariya wannan arziki ne, na baƙo daban, na Sallah daban. A nan kuwa, da sun kai wata huɗu ko biyar za su fara cara, a ƙasar da rana take fitowa kafin ƙarfe biyar a watan Yuni, kuma katangarka ita ce ta maƙwabcinka. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba hukumar gari ikon aiko maka da takardar gargaɗi kan hayaniya, in ka ƙi bi a kai ka kotu. Yanka ma da ƙa'idarsa. Dokar 2015 ta Ingila ta yarda mutum ya yanka tsuntsunsa a gida don cin iyalinsa, amma sai an sumar da shi tukuna. Yanka irin na addini ba tare da sumarwa ba, a mayanka mai lasisi kaɗai aka yarda a yi. Wasu in abin ya ishe su sai su je su yar da zakarun a bakin daji, dila ya cinye su a daren farko. Wannan zalunci ne, kuma laifi ne a doka.

Mu Baba ya yi dabara tun ranar sayen ƙwai, ya yi magana da manomin cewa zai karɓi mazan in sun fito. Ranar da za a mai da su, ƙanwata ta rungume wanda ta fi so ta ƙi saki. Mama ta ce mata sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ita kuma ta amsa da Turanci cewa wanda ya yi wannan karin maganar bai san nata zakaran ba. A mota ta riƙe kwalin a cinya har muka isa, kuma sai da manomin ya nuna mata filin da za su zauna sannan ta sauke shi.

Sagarun uku suna nan, kuma ɗaya ta ɗauko zanen wuyan irin na Sussex, har Hajiya ta ce da ganin idonta ita ma mai kwanci ce. Duk wanda tasa ta kwanta a bana, ya fara neman inda zai kai zakaru, sannan ya nemi ƙwai. In kuma yana da tsohuwa a gida, ya kira ta ya juya mata kyamara, zai sha tsiya amma zai ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida mutanen gida.